Rabin Labarin Inna Tasalla

Duk wanda ya sha miya a Gwandu a shekarun nan ya ɗanɗana hannun mahaifiyata, ko da bai san fuskarta ba. Tasalla mai daddawa ake ce mata. Doguwa ce, baƙa, mai 'yar siririyar murya, kuma warin kalwa ya kama jikinta har ya zama nata. Ko ranar Sallah ta yi wanka ta shafa turare, in ta wuce ka sai ka tuna ba ka sayi daddawa ba. Ni ce 'yarta, Lauratu, ni kaɗai ta haifa a gidan Baba Siddiƙu marini, Allah ya jiƙansa. Aure biyu na yi, duka biyun bakina ne ya kashe su, na dawo gida ina taya ta aiki. Na faɗi wannan tun da wuri don a san irin wadda ke ba da labarin.

Abu ɗaya matan unguwarmu suke yi da Inna a kansa, shi ne sunana. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya shigo ta kau da kai, in kuwa dole ta kira shi sai ta ce "kai wannan". Kunya ce, kuma duk wanda ya tashi a cikinta ya san ƙauna ce aka lulluɓe. To Inna a tsakiyar kasuwa take buɗe baki ta ce, "Lauratu, kawo faifai!" Mata su haɗa ido su taɓe baki. Suna cewa ai baƙuwa ce, daga wajen gulbi ta zo, can ba a koya musu kunya ba. Ni kaina abin yana ci mini rai. Na taɓa ce mata ta riƙa sakaya sunana kamar yadda uwar kowa ke yi. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in ƙara wa tukunya itace.

Aikin daddawa aikin haƙuri ne, ni kuwa ba a raba haƙuri da ni ba. A dafa kalwa wuni guda, a surfa ta da toka, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye cikin kwando har kwana uku, sannan a kirɓa a fyaɗa a shanya. Wurin wankin kalwa muke daɗewa, mu biyu tsugune gaban ƙwarya muna murza ƙwaya muna tsince ɓawo. A nan Inna take ɗauko labarinta. Guda ɗaya gare ta, kuma kullum da kalma ɗaya take buɗe shi.

"Akwai wata mata, shekarar babbar yunwa..."

Wai matar nan mijinta ya mutu a wani ƙauye, gero ya ƙare, dusa ta ƙare, har gidan tururuwa an tona. Ta goya ɗanta wanda bai daɗe da yaye ba, ta kama hanya. Kwana uku tana tafiya, yaron ya yi kuka har ya daina, kuma daina kukan ne ya fi ba ta tsoro. Ta isa Kalgo, ta bi ƙamshi har wani gida inda wata mata ke suyar kifi. Ta roƙi ruwa. Mai gidan ta dubi yaron, ta ɓalle kan kifi ta miƙa masa. Ya kama da hannu biyu. Sai uwar ta ce bari ta zaga bayan gida.

A nan nake tashi. Kullum a nan. Wani lokaci in ce wuta za ta mutu, wani lokaci in ce akuya ta shiga shanya, in na rasa abin faɗi in ce, "Haba Inna, wagga mata ba ta gajiya da zagawa bayan gida?" Sai ta ci gaba da murza kalwa. Na ɗauka irin labarin tsofaffi ne da suke yi wa yara don su daina raina tuwo. Sau ɗaya kawai, ina tafiya wajen murhu, na jiyo ta ci gaba ita kaɗai tana cewa, "Da kaka ta yi, sai matar ta..." Ni kuwa na ɗaga murya na ce tukunya na zuba. Shekara wajen ashirin ina jin labarin nan, iyakar inda na kai ke nan.

A bazarar shekarar hamsin da huɗu ta lissafin Nasara, wata safiya tana kirɓi, taɓarya ta suɓuce mata. Na juyo zan yi mata tsiya, na ga bakinta ya karkace, ta zame a gindin turmi. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta tafi gaba ɗaya. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, malam ya aiko da rubutu, duk a banza. Sai dai ido, da hannun hagu, da wani gurnani da ba ya zama kalma.

Rana ta uku ta matsa da nuna wata tsohuwar tukunya da ke ƙarƙashin gado. Na jawo. A ƙasan auduga na sami ƙunshi, a cikinsa 'yar taguwar saƙi, ta yaro ƙanƙane, shuninta ya koɗe. Ban taɓa ganinta ba. Inna ta ɗora ta a ƙirji, ta sauke hannu daidai tsayin gwiwa, sannan ta nuna yamma. Ta sake. Ta sake. Hawaye na bin kuncin da ya mutu, ita ba ta ma jin su.

Gwaggo Hajjo ce ta shigo ta same mu haka. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, ta girmi Inna, kuma ita ta fara ba ta masauki a Gwandu. Ta dubi taguwar, ta dube ni, ta ja ni tsakar gida.

"Ke Lauratu, ashe dut wayon ga naki na banza na? Wace uwa ka kiran sunan ɗiyar hwari tsakar kasuwa?"

Na ce ban gane ba.

"Ba ke at ta hwari ba. Ranar da tas shigo garin ga, zanen goyo na ɗaure bayanta, babu ɗa ciki. Ni nik kwance mata shi."

Na ce, "Gwaggo, shekara arba'in kin san wanga, ba ki hwaɗi ba?"

"Ban tambaye ta ba, ɗiyata. Wanda yah hito cikin yunwa ba a tambaya tai abin da yab bari hanya. Ni na aza ke taka gaya ma. Ko yaushe ina hangen ku gaban ƙwarya bakinta na motsi."

Na zauna a kan turmin da ke kife. Sai lokacin na ga abin da ke gabana shekara ashirin. Inna ba ta iya cewa "ɗana", ba ta iya faɗin sunansa, kunyar da ake cewa ba ta da ita ce ta ɗaure mata baki. Hanya ɗaya ta rage mata, ta ce "wata mata", ta jira 'yarta ta zauna har ƙarshe ta yi tambaya. 'Yar kuwa tana tashi duba wuta.

Na koma ɗaki na durƙusa. Na ce, "Inna, na ji, na zauna. Wane gida na? Wa as sunan mai suyar kihin? Wane ƙauye kunka hito?" Ta buɗe baki, gurnani ya fito. Na ba ta labarin da bakina tun daga farko, kalma bayan kalma, ashe duk na haddace, har inda matar ta zaga bayan gida. Na ce, "To sai mi, Inna? Ci gaba." Na girgiza ta, Allah ya yafe mini, na girgiza majinyaciya. Ta rufe ido. An ce da-na-sani ƙeya ce, ni ranar nan na gaskata.

Gwaggo Hajjo ta ce kwanan Inna bai fi a ƙirga da yatsu ba, ko kunu ba ya wucewa sosai. Na ce ta riƙe mini ita. Washegari na bi jakunan masu albasa da za su yamma, da taguwar ɗaure a haɓar zane. Kwana biyu muka yi a hanya cikin zafin da ke fasa dunduniya. Duk wanda na gani ya biyo mu da sauri daga baya sai in ce saƙon mutuwa ne ya cim mini.

Ban san kowa a Kalgo ba, ban da sunan gida, ban da sunan mutum. Abin da nake riƙe da shi kan kifi ne da aka ci shekara arba'in da suka wuce. Haka na riƙa shiga gidaje ina sallama ina tambaya ko an san yaron da aka bari shekarar yunwa. Wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗiyata, ɗiya nawa anka bari shekarar nan? A unguwag ga kaɗai ukku na sani." Ɗaya ya mutu tun yana ƙarami, ɗaya ya shiga soja bai dawo ba, ɗaya kuma mace ce. Ya tambaye ni sunan uban yaron, ko garinsu, ko tsagar fuskarsa. Na ce ban sani ba. Ya ce to me uwar tawa ta gaya mini? Na ce ta gaya mini komai, ni ce ban tsaya ba.

Wuni biyu ina yawo. Na kai inda nake tare mutane a bakin rijiya da ƙofar masallaci ina zuba musu labarin ba su tambaye ni ba, ni da ban taɓa iya zaman jin sa ba. Yara suka fara nuna ni. Na yi kuka a gindin wata tsamiya, na ce ya Allah in ka ƙaddara ta mutu kafin in koma, kada ka bari in koma hannu wofi.

Rana ta uku da hantsi ina ba wata mai tallar busasshen kifi labarin, ina kaiwa wurin kan kifi sai ta ajiye faifanta.

"Kan kihi? Ai wanga labarin Albarka na, na gidan marigayiya Larai. Dut garin ga an san shi, shi ko biki anka yi sai ya hwaɗi."

Na same shi a fadama, bakin wani tafki, yana toshe kwale-kwale. Dogo, baƙi, furfura ta fara masa. Na yi sallama ya amsa, sai na ji muryar Inna ta fito daga bakin ƙaton namiji, siririya. Amma murya ba hujja ba ce, na riƙe kaina. Na ba shi rabin labarin da nake da shi. Bai katse ni ba ko sau ɗaya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har na kai bayan gida na tsaya.

Ya ce, "Ni daga nan nawa labarin ka tashi."

Larai mai suyar kifi, wadda ta raine shi, ba ta ɓoye masa komai ba, shi kuma bai taɓa gajiya da ji ba. Ta ce matar ta zaga ba ta dawo ba. Yaron ya gama tsotsar ƙashi ya waiga, ya bi ƙofa da rarrafe da tafiya. Ba a san sunansa ba, don uwar ba ta faɗa ba, sai Larai ta sa masa Albarka, saboda ranar mijinta ya yi babban kamun kifi. Bayan wata biyu yunwa ta kore su su ma, suka bi ruwa suka gangara ƙasar Yawuri, sai bayan shekara bakwai suka dawo Kalgo. Ya san launin zanen matar, ya san ta sha ruwa moɗa biyu, ya san da wane hannu ya karɓi kifin. Duk abin da Larai ta faɗa ya ajiye, kamar mai ajiye iri.

Na nuna masa taguwar, ya juya ta ya ce bai san ta ba. Ya ce, "Ƙila ni na, ƙila ba ni na ba. Mata da yawa sun zaga bayan gida shekarar nan." Na durƙusa a cikin laka na kama ƙafarsa. Na ce, "Yaya, ko ba kai na ba, don Allah taho ta gan ka." Karo na farko ke nan da na kira wani mahaluki Yaya. Ya ce zai zo, don yana da tambaya ɗaya da ya daɗe yana riƙo, kuma ita kaɗai zai yi wa.

A hanya bai faɗa mini tambayar ba, ni ma ban matsa ba. Ya dai sa na maimaita masa rabin nawa sau uku. Ya tambayi yadda take dariya, da abin da take so ta ci, da ko tana faɗa. Wasu na amsa, wasu na ji kunya, don na zauna da mace shekara talatin da bakwai ban san abin da ta fi so ta ci ba.

Mun shiga Gwandu bayan azahar. Na hango ƙofar gidanmu babu tabarmin zaman makoki. Gwaggo Hajjo ta tare mu ta ce Inna tana nan, amma tun jiya ko ruwa ba ta karɓa. Na shiga na ce, "Inna, ga baƙo daga Kalgo." Ya sunkuya ya shigo, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ta.

Ta buɗe ido ta dube shi. Kallo ɗaya, daga kai har ƙafa. Sannan hannun hagun nan da ya kwana biyu bai motsa ba ya lallaɓa ya kamo gefen mayafi, ta ja shi a hankali ta rufe fuska, ta karkata kai wajen bango.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata kwana bakwai na wahala, na kawo mata wanda ba shi ba, ga shi ta juya masa baya. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji Gwaggo Hajjo ta fashe da kuka a bayana.

"Shi na! Wallahi shi na! Ba ki ga ta yi mai kunya ba?"

Abin da na roƙa tun ina yarinya ban samu ba, shi ya samu daga shigowarsa. Ban yi kishi ba. Albarka ya sunkuyar da kai. Da zai yi magana, bai dube ta ba, ƙasa ya duba kamar yadda ɗan fari ke yi.

"Abu guda nika son sani. Kin dawo biɗata?"

Mayafin ya motsa. Har gobe ban san ko kai ta gyaɗa ba, ko girgizawa ta yi, ko kuka ne ya taso mata. Ya sake tambaya, mayafin ya sake motsi, iri ɗaya da na farko. Gwaggo Hajjo ta ce ita tana ganin "i" ce, amma da ya tambaye ta ko ta tuna Inna ta yi wata tafiya bayan kakar shekarar, sai ta ce ita lokacin tana Ceberu wurin jinyar uwarta, ba za ta ɗauki alhaki ba. Kafin la'asar numfashi ya tsaya, fuskar tana rufe.

Shi ya shiga gaba wajen ɗaukarta, mutanen unguwa suna tambayar wane ne wannan dogon. Matan da suka daɗe suna cewa ba ta da kunya suka zo gaisuwa, suka ji ko wane ne shi, kowacce ta sunkuyar da kai. Ban ce musu komai ba, abin da ya ba kowa mamaki.

Ranar addu'ar uku da safe, kafin ya kama hanya, ya same ni a tsakar gida. Kalwar da muka bari ranar da Inna ta faɗi tana nan cikin kwando ta lalace, ina kwashewa. Ya tsuguna daidai inda Inna take tsugunawa.

Ya ce, "Lauratu, ni ba gado nika so ba, ba komi ba. Mu mun bar Kalgo, in ta zo ba ta ishe mu. Ke kin zauna da ita. Ta taɓa cewa matar nan ta koma?"

Na so in yi masa ƙarya. Kalma ɗaya ce, da ya tafi da ita ya kwanta da daɗi har ƙarshen ransa, kuma ba mai ƙaryata ni. Amma mutumin da ya adana ko yawan ruwan da uwarsa ta sha, ban iya zuba masa tsakuwa a cikin irinsa ba. Na ce akwai sauran 'yan kalmomi da ban ba shi ba. Ya gyara zama. Na ce Inna ta ce, "Da kaka ta yi, sai matar ta..."

Ya jira. Ya daɗe yana jira, idonsa a bakina.

"Sai matar ta mi?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Nan nit tashi duba tukunya."